Wa Za Mu Ɗauka? Wa'adina a Kwamitin Mashawarta

Shirin da na yi wa hidima yana ɗaukar ɗaliban da ke karatun digiri na biyu ko na uku a fannin ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Yana biya musu wani kaso na kuɗin makaranta, ya ba su ƙarin horo, ya haɗa kowannensu da jagora. Su kuma sukan sa hannu cewa idan sun kammala za su yi aiki na wasu shekaru a cikin mutanen da ma'aikatan wannan fanni ba sa kaiwa gare su: ƙauyuka masu nisa, unguwannin talakawa a manyan birane, sansanonin 'yan gudun hijira, gidajen yari, masu fama da shaye-shaye, kurame da makafi. Kuɗi da takardu suna hannun ma'aikatan ofis. Kwamitin mashawarta kuwa mutanen waje ne da ba a biyan su albashi. Aikinsu su duba hanyar da ake bi wajen zaɓe, su karanta takardun masu nema, su ce ga waɗanda suka cancanta, sannan su bi sawun waɗanda aka ɗauka. A wannan kwamiti na yi wa'adi guda.

Tsohuwar malamata ce ta ba da sunana. Ta kira ni ta ce, "'Yata, na sa sunanki a wani wuri, kada ki ce a'a sai kin ji bayani." Na cike fam, na aika da tarihin aikina da gajeren bayani kan abin da ya sa nake so, aka yi hira da ni ta waya. Ba abu ne mai tsawo ba. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mini a rai, wadda shugaban kwamitin, wani farfesa mai sanyin magana, ya yi mini daga ƙarshe: "Malama, wace al'umma kika sani ciki da bai, wadda idan aka yi maganarta a teburinmu ba daidai ba za ki iya tsayar da mu?" Na amsa masa da matasan da na daɗe ina zama da su, waɗanda ƙwaya ta raba da makaranta, da iyayensu mata. Bayan 'yan makonni wasiƙar ɗauka ta iso.

Zaman farko na sanin makamar aiki ne. Mun sa hannu a kan takarda biyu. Ta farko ta riƙe sirri ce: duk abin da muka karanta a fayil ɗin mai nema ba ya fita daga tsakaninmu, ko ga miji ko ga abokin aiki. Ta biyu ta bayyana alaƙa ce: idan mai nema ɗalibinka ne, ko ɗan'uwanka, ko wanda ka taɓa rubuta wa wasiƙar shaida, dole ka faɗa, a cire ka daga karanta takardarsa, kuma ka bar ɗakin idan an zo kansa. Wannan ƙa'ida ta fi nauyi a aikace fiye da yadda take a takarda, domin fanninmu ƙarami ne, kusan kowa ya san kowa.

A wannan zama ne jami'ar shirin ta ɗora mana alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya. A rahotonta na 2020 kan lafiyar ƙwaƙwalwa, matsakaicin adadin ma'aikatan wannan fanni a duniya 13 ne ga kowane mutum 100,000. A ƙasashe masu arziki adadin ya haura 60, a ƙasashe matalauta bai kai 2 ba. Abin da gwamnatoci ke warewa wannan ɓangare kuwa kusan kashi 2 cikin 100 ne na kasafin lafiya. Na san waɗannan lambobi tun kafin ranar, amma jin su a matsayin wadda za ta raba gurabe ya sa sun yi mini wani nauyi dabam. Ko waɗannan 'yan kaɗan ɗin ma a birane suka taru, kusa da jami'o'i da manyan asibitoci. Ke nan duk gurbin da muka ba wanda ba zai je inda ake buƙata ba, ko zai je ya juyo da zarar wa'adinsa ya cika, wata al'umma ce muka bari ba kowa na wasu shekaru. An kuma ba mu ɗan tarihi, cewa irin wannan tunani ba sabo ba ne: a Amurka tun 1973 aka soma shirin tallafa wa ɗalibai daga tsirarun ƙabilu su shiga fannonin lafiyar ƙwaƙwalwa, saboda an lura masu warkarwa ba su yi kama da waɗanda ake warkarwa ba, kuma hakan yana da sakamako.

Daga nan aka shiga karatu. Kowane fayil mutum biyu ke karanta shi, kowa shi kaɗai, ba tare da ganin makin ɗan'uwansa ba. An goge sunaye da hotuna. Akwai ma'aunin ba da maki mai sassa: sakamakon karatu, wasiƙun shaida, ƙwarewar aiki, rubutun mai nema game da kansa, da tsarin abin da yake son yi bayan kammalawa. Kafin a raba mana fayiloli, duk mun ba da maki ga takarda guda ta gwaji, muka kwatanta, don kada mai yawan kyauta da mai tsauri su sa rabon mutum ya dogara ga hannun da takardarsa ta faɗa. Idan maki biyu suka yi nisa da juna, a ba mutum na uku. Tsari ne mai kyau, kuma ina ganin duk kwamitin da ba shi da irinsa yana zaluntar masu nema ba tare da ya sani ba.

Da daddare nake karatuna, bayan na tashi daga aiki. Ban yi nisa ba na fara lura da wani abu. Takardun da ke samun maki mai yawa suna kama da juna. Rubutu ne mai tsafta, an san kalmomin da masu ba da tallafi ke son ji, an ambaci binciken da ya dace, wasiƙun shaida daga manyan malamai ne masu suna. Ana gani an san cewa wani ya duba rubutun ya gyara kafin a aiko. Can kuma ga wasu takardu masu kurakurai, gajeru, wani lokaci ma mai su bai amsa tambayar yadda aka yi ta ba, amma a tsakiyarsu sai ka ci karo da jimla guda da ba mai iya rubuta ta sai wanda ya zauna a wurin.

Biyu daga cikinsu ne suka kai mu ga muhawarar da ta fi kowace tsawo a wa'adina. Na farko rubutunsa ba makusa. Ya yi bayanin ƙarancin ma'aikata a karkara da hujjoji, ya tsara yadda zai buɗe cibiya, ya kawo alƙaluma. Amma da ka bi tarihinsa za ka ga bai taɓa kwana a irin wurin da yake magana a kai ba. Ta biyu mace ce da ta daɗe tana aikin sa-kai a wani ƙaramin asibitin da ba likita. Sakamakon karatunta matsakaici ne, akwai ma shekarar da ta dakata saboda jinyar mahaifiyarta. Ta rubuta cewa matan da ke zuwa wurinta ba sa cewa suna cikin damuwa. Cewa suke yi kansu na ciwo, ko barci ya ƙaurace musu, ko ƙirjinsu ya yi nauyi, a ba su maganin ciwon kai su tafi, su dawo bayan mako biyu da ƙorafi iri ɗaya. Ta ce ta koyi ta bar su su gama lissafa ciwon jiki tukuna, ta auna musu jini ko da ba dole, sannan ta tambaye su wa ke taya su aiki a gida. A nan, in ji ta, maganar gaskiya ke fitowa. A bisa ma'auninmu, na farko ya tsere mata da tazara mai yawa.

Da aka zo kansu a taro na ɗaga hannu. Na ce ban zargi kowa da son kai ba, domin kowannenmu ya bi ma'auni ne da gaskiya, amma ma'aunin kansa yana auna iya rubutu da samun mai gyara maka takarda fiye da abin da shirin ya ce yana nema. Wata dattijuwa a cikinmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya bayan doguwar hidima a karkara, ta karɓe. Ta ce, "Farfesa, ranka ya daɗe, na ga irin waɗannan yara masu kyawun takarda sun zo mana, mun yi musu maraba, kafin mu gama koya musu hanya sun nemi canjin wurin aiki. Ban ga laifinsu ba, ba a nan rayuwarsu take ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yarinyar nan ta riga ta san wurin, abin da ta rasa ilimi ne, shi kuwa muke da shi mu bayar."

Ba ra'ayi kawai muke da shi ba, akwai hujja. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan yadda za a riƙe ma'aikatan lafiya a karkara da wurare masu nisa, ta sabunta shi a 2021, kuma cikin manyan shawarwarinta akwai ɗaukar ɗaliban da suka taso a karkara, saboda su suka fi komawa su zauna. Wani memba ya tuna mana da binciken Stanley Sue na 1977 a cibiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa na yankin Siyatil a Amurka, inda aka ga kusan rabin masu zuwa daga wasu tsirarun ƙabilu ba sa dawowa bayan zama na farko, alhali a cikin fararen fata kusan kashi 30 cikin 100 ne. Mutum ya yi ta maza ya zo, ya zauna gaban wanda bai fahimci harshensa ba ko yadda yake kallon ciwonsa, ya tashi bai sake waiwayowa ba. A rajista an rubuta an gan shi, amma bai samu komai ba.

Farfesa bai amince nan take ba, kuma dalilansa masu ƙarfi ne, har yau ina girmama su. Ya ce karatun digiri na biyu ba wasa ba ne, idan muka ɗauki wanda zai kasa gamawa mun yi asarar gurbi, mun kuma bar shi da karyewar zuciya. Ya ce talaka ma ya cancanci ƙwararre, kada mu aika wa al'ummar da aka daɗe da mantawa da ita rabin gwani da sunan tausayi. Ya ƙara da cewa bai kamata a hukunta mutum don ya iya rubutu ba, kuma akwai baƙin da suka je wuri suka zauna har tsufa, suka fi 'yan gida amfani. Sai ya kawo abin da ni ma na sha gani a aiki: zama ɗan gari yana da nasa matsala. A ƙaramin wuri, wadda za ta zo ta gaya maka sirrin aurenta maƙwabciyarka ce, ko matar ɗan'uwanka. Wasu sun fi sakin jiki da baƙo, domin sun san ba za su haɗu da shi gobe a hanya ba. Dokokin aikinmu sun yi gargaɗi sosai kan haɗa alaƙar aiki da wata alaƙa, kuma a ƙauye kauce wa hakan kusan ba ya yiwuwa.

Ba a warware wannan a zama ɗaya ba, kuma ba a canja ma'auni a tsakiyar zaɓe ba, domin da ƙa'idar da aka sanar mutane suka nema, canja ta bayan sun miƙa takardu rashin adalci ne. Abin da aka yi shi ne aka gayyaci dukansu biyu ganawa. Amma an kafa ƙaramin kwamiti da zai sake duba ma'aunin kafin zagaye na gaba, aka sa ni a ciki, kuma a nan na zuba mafi yawan ƙarfina.

Mun bar sakamakon karatu a matsayin ƙofa: akwai matakin da dole a kai, domin maganar Farfesa gaskiya ce. Amma da zarar mutum ya haye matakin, ƙarin maki a jarabawa ba ya ƙara masa nauyi sosai. Mun ɗaga nauyin dangantaka da al'umma, muka kuma fayyace abin da muke nufi da ita don kada ta zama maganar inda aka haifi mutum kawai: shekarun da ya yi yana aiki ko zama a cikinsu, jin harshensu ko yaren kurame idan su ne, da sanin wurin da mutanen ke fara kai kukansu kafin su zo asibiti. Mun buɗe ƙofar wasiƙun shaida ga waɗanda ba malaman jami'a ba, kamar shugabar ƙungiyar mata, ko limami, ko fasto, ko shugaban makarantar da mutum ya yi aikin sa-kai. Mun sauya tambayar rubutu. A da cewa ake yi mai nema ya bayyana burinsa, wanda ke ba mai iya tsara magana dama. Muka mayar da ita: ba mu labarin lokacin da wani ya zo maka da damuwa, me ka yi, ina ka tsaya don abin ya fi ƙarfinka, wa ka tura shi wurinsa. Mun rubuta wa masu ba da maki a fili cewa kuskuren nahawu ba ya rage maki matuƙar ana fahimtar magana. Muka kuma ƙara tambaya kan yadda mutum zai riƙe sirri da iyaka a wurin da kowa ya san shi.

Akwai wani abu da ya dame ni tun ina karanta takardun farko, na kawo shi a wannan ƙaramin kwamiti. Da yawa cikin masu nema suna zuba mana mafi munin abin da ya taɓa faruwa da su: fyaɗe, mutuwar ɗan'uwa da ya kashe kansa, uba mashayi, dukan da aka sha. Wasu sun rubuta ne don shi ya kawo su wannan fanni, kuma suna da 'yancin faɗa. Amma na ji a jikina cewa wasu sun rubuta ne don sun zaci sai sun buɗe rauninsu za mu duba su. Bai dace a ce shirin da ke horar da masu kare mutuncin mutane ya sa matashi ya sayar da ciwonsa kafin ya samu kuɗin makaranta ba. Mun sa jimla a saman fam ɗin cewa ba a buƙatar kowa ya bayyana abin da ya same shi, kuma rashin bayyanawa ba ya rage maki. Ga masu ba da maki kuma muka ce abin dubawa shi ne ko mutum ya samu taimako a kan abin da ya same shi har zai iya zama da mai irin ciwonsa ba tare da ya rushe ba.

Mun gano kuma cewa rashin adalcin yana farawa tun kafin takarda ta iso mana. Sanarwar shirin tana yawo ne a manyan jami'o'i da shafukan intanet da 'yan birni ke bi. Wanda ke aiki inda sabis ke ɗaukewa yakan ji labari ana saura kwanaki a rufe. Muka ba ofis shawara a aika sanarwa ta ƙananan makarantu da asibitocin karkara da tsofaffin 'yan shirin, a tsawaita lokacin nema, a yi zaman bayani kyauta inda za a nuna wa kowa ma'aunin da za a auna shi da shi. Babu dalilin ɓoye ma'auni. Ɓoye shi yana amfanar wanda ya san wani a ciki ne kawai.

Ganawa da masu nema ta bidiyo aka yi, mu uku-uku. Tambayoyi iri ɗaya ga kowa, a jere ɗaya, kowannenmu ya rubuta makinsa kafin mu yi magana da juna. Akwai sashe na kwaikwayo, inda ɗayanmu zai zama mai neman taimako na 'yan mintoci. A nan ne ake ganin abin da takarda ba ta nunawa. Tun 1957 Carl Rogers ya rubuta cewa abin da ke kawo sauyi a zaman shawara ya haɗa da mai ba da shawara ya kasance na gaskiya, ya karɓi mutum ba da sharaɗi ba, ya kuma ji abin da yake ji kamar daga cikinsa. Dabaru ana koyar da su a aji. Wannan hali kuwa ana iya raya shi, amma sai akwai tsironsa. Wasu da zarar an fara magana sai su hau ba da mafita, su yi nasiha, su cike duk wani shiru. Matar nan ta ƙaramin asibiti, da abokiyar aikinmu ta yi kamar ta kasa ci gaba da magana, sai ta jira. Ba ta yi gaggawa ba. Can ta ce, "Ki ɗauki lokacinki, Anti, ba inda za ni." Shi ma saurayin mai kyawun rubutu ya ba ni mamaki ta hanya mai kyau. Da aka tambaye shi me bai sani ba game da wurin da yake son zuwa, ya ce kusan komai, kuma yana so a haɗa shi da wanda ya daɗe a can ya zauna ƙarƙashinsa kafin ya buɗe komai nasa. An ɗauki matar a wannan zagaye. Shi ya shiga jerin masu jira, ya samu gurbi da wani ya janye.

Zaman ƙarshe na zaɓe yana da ɗaci, domin waɗanda suka cancanta sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Ana ja layi inda kuɗi ya ƙare, wanda ke ƙasan layin da ɗan maki kaɗan kuwa ba wani bambanci tsakaninsa da na sama. A nan kuma mutum yake tuna cewa shawara muke bayarwa, yanke hukunci na hukumar gudanarwar shirin ne. Sun karɓi jerinmu, amma ba duk shawarwarinmu ba. Mun nemi a riƙa rubuta wa duk wanda bai samu ba bayanin inda takardarsa ta gaza, aka ce ma'aikata ba za su iya ba. Muka daidaita a kan cewa waɗanda suka kai matakin ganawa za su samu, kuma mu 'yan kwamiti za mu rubuta. Na rubuta nawa da kulawa, domin na san wasu za su sake nema.

Na shiga kwamitin ina ganin zaɓe shi ne aikin. Rabin ƙarshe na wa'adina ya nuna mini cewa abin da ke biyo bayan zaɓe ya fi shi wuya. An haɗa ni da wasu 'yan shirin da suka riga suka fara aiki, muna magana lokaci-lokaci. Ɗaya daga cikinsu ita kaɗai ce mai ba da shawara a yanki mai faɗi. Wata rana ta kira ni muryarta a dashe. Ta ce, "Malama, duk wanda aka rasa yadda za a yi da shi ni ake turo wa. Mai farfaɗiya ni, wanda ya daina magana ni, yarinyar da ta sha guba ni. Ba likitan ƙwaƙwalwa da zan tura wa, ba wanda zan tambaya ko abin da na yi daidai ne. Na fara jin tsoron ƙarar wayata." Ba rauni ne gare ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta a 2019 ta sanya irin wannan ƙonewar zuciya cikin abubuwan da yanayin aiki ke haifarwa. A fanninmu sabon ma'aikaci yana buƙatar babba da zai riƙa zama da shi a kai a kai suna bitar yadda yake tafiyar da masu zuwa wurinsa. A birni wannan yana samuwa a ofishin da ke kusa. A inda muke tura 'yan shirinmu babu shi. Mun zaɓi mutum don zai zauna, sannan muka bar shi cikin yanayin da zai kore shi.

Na kai wannan gaban kwamiti, na tarar wasu ma sun ji irinsa daga nasu. Shawarar da muka rubuta tana da ɓangare biyu. Na farko, a ware kuɗi daga cikin tallafin don biyan ƙwararren da zai riƙa bitar aiki da kowane ɗan shiri ta waya ko bidiyo, a kuma haɗa su rukuni-rukuni su riƙa ganawa, ko da hakan zai rage gurbi ɗaya ko biyu a shekara. Wannan ya jawo gardama, domin yawan waɗanda aka ɗauka shi ne abin da masu ba da kuɗi ke son gani a rahoto. Ni dai matsayina bai canja ba: gara a ɗauki kaɗan su daɗe.

Na biyu, a koya wa 'yan shirin horar da wasu, domin mutum ɗaya ba zai taɓa isar dubban mutane ba. A nan misalai suna da yawa kuma an gwada su. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya fara shirin Friendship Bench a Harare a 2006, inda aka horar da dattijai mata su zauna a benci a harabar asibiti suna taya mutane warware damuwarsu mataki-mataki. Binciken da aka buga a mujallar JAMA a 2016 ya nuna bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da su ne ke da alamun ciwon damuwa, a rukunin waɗanda ba su zauna da su ba kuwa kusan rabi. A yankin Rawalpindi na Pakistan, Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da matan da ke aikin lafiya gida-gida su taimaki masu ciki da masu jego da ke fama da ciwon damuwa, sakamakon da aka buga a mujallar Lancet a 2008 ya nuna adadin masu ciwon ya ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da waɗanda ba su samu ba. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta na mhGAP don ma'aikatan da ba ƙwararru a fannin ba su iya gane waɗannan cututtuka su kula da su. Tun kafin duk wannan, a 1954, Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, yana aiki da mutanen gari. A duk waɗannan, ƙwararre bai ɓace ba. Shi ke horarwa, shi ke bitar aiki, shi ake turo wa abin da ya yi tsanani. Wannan ne matsayin da 'yan shirinmu za su samu kansu a ciki ko sun so ko ba su so ba, amma karatunsu yana shirya su ne don zama a ɗaki da mutum ɗaya. Hukumar gudanarwa ta amince da wannan ɓangare gaba ɗaya, ta amince da rabin na farko.

Sai maganar waɗanda suka kasa cika alƙawari. Yarjejeniya ta ce wanda bai yi shekarun hidimarsa ba, dole ya mayar da kuɗi. An kawo mana batun wani da ya kammala, ya koma yankinsu da niyyar aiki, ya tarar ba gurbin aikin mai ba da shawara ko ɗaya da ake biyan albashi a kai. Ya yi watanni yana aikin sa-kai, iyali suka matsa, ya karɓi aiki a birni. Wasu suka ce ƙa'ida ƙa'ida ce, idan aka sassauta wa ɗaya kowa zai nemi hanya. Ni na ce wanda ya gudu dabam, wanda ya je ya tarar da ƙofa a rufe dabam, kuma shirin da ke tura mutane inda ba aiki yana da nasa kaso a cikin abin da ya faru. An ba shi ƙarin lokaci, aka kuma yarda a ƙirga masa ranakun da yake komawa yana ganin mutane da zaman da yake yi da su ta waya. Daga wannan batu ne ofis ya fara tuntuɓar asibitoci da makarantu da ƙungiyoyi tun ɗalibi yana aji, don a san inda zai sauka.

Da wa'adina ya zo ƙarshe an nemi kowane mai barin gado ya rubuta bayanin miƙa aiki, ya kuma ba da sunan wanda yake ganin ya dace ya gaje shi. Na ba da sunan wata tsohuwar 'yar shirin da ke aiki da kurame, domin a duk zaman da muka yi ba mu da ko mutum ɗaya mai jin yarensu, alhali muna yanke shawara a kan masu neman yi musu aiki. Na kuma ba da shawarar a ware kujera ga wanda ya taɓa zama mai neman taimako da kansa, ba ma'aikaci ba.

A bayanin nawa na bar musu aiki ɗaya da ba mu gama ba. Shirin yana da lissafin waɗanda ya ɗauka da waɗanda suka kammala, amma da zarar shekarun hidima sun cika sai a daina bibiya. Sabon ma'aunin da muka yi gardama a kansa an gina shi ne a kan cewa waɗanda muke ɗauka yanzu za su fi daɗewa a inda ake buƙatarsu, kuma hanya ɗaya ta tabbatar da haka ita ce a riƙa tambayar tsofaffin 'yan shirin duk shekara: ina kake aiki, su wa kake gani, idan ka bar wurin me ya sa. Na tsara tambayoyin, ba su wuce shafi ɗaya ba, na haɗa da sunayen waɗanda suka yarda a tuntuɓe su. Jami'ar shirin ta sanar da ni cewa an sa batun a ajandar zaman farko na sabon kwamiti, kuma wadda ta gaje ni ce za ta gabatar da shi.